Romon Gaggawa da Dogon Turare

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin da ke tsallako Jan Kogi zuwa tsakiyar Hanoi da safe ya san muryar Ngat, ko da bai san sunanta ba. Ita ce kwandastar nan gajeruwa, wadda idan ta ce "a matsa ciki" har direba sai ya ɗan muskuta a kujerarsa. Ta tsufa a wannan aiki, aikin kuma ya biyo ta gida. Ngat ba ta iya jira ba. Idan mijinta Toai ya fara ba da labari, ita ke ƙarasa masa, kuma sau da yawa ƙarshen da ta ƙirƙira ya fi na gaskiyar daɗi.

Shi Toai gyaran fanka yake yi a bakin lungunsu, mutum mai sanyin da har kwastomomi ke tambayarsa ko lafiya. 'Yarsu ɗaya, Diu, tana sakandare. A saman bene kuma iyayen Toai ne, Tsoho Khiem da matarsa Inna Mui, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna sayar da fo a bakin wannan lungu, har gwiwoyinsu suka ce sun gaji.

To, a Hanoi ba a dafa fo a gida. Me ya yi zafi? Kowane lungu da mai sayar da shi, ka zauna a 'yar kujerar roba, a zubo maka romon ƙashin shanu a kan taliyar shinkafa da yankan nama, ka sha ka yi gaba. Amma gidan su Ngat sun shiga uku, domin tun da tsofaffin suka rufe shago, babu fon da Tsoho Khiem ya yarda da shi. Na wannan sukari ya yi yawa. Na wancan romon ya yi duhu, an bar shi ya yi tafasar hauka. Na matar bakin kasuwa kuwa, a cewarsa, da ruwan wankin kwano aka haɗa. Shi a wurinsa romo sai ya kwana a kan garwashi, ana kwashe kumfa, ana lallaɓa shi kamar jariri.

Ngat ba ta da daren da za ta ba tukunya. Sai ta sayo tukunyar nan mai murfin ƙarfe, wadda ke fito idan tururi ya cika ta.

Ga yadda take yi. Tana sauka daga aiki ta bi ta kasuwa a kan babur, ba ta ma kashe injin. Mai nama ta riga ta san ta, ta ɗaure mata ƙashin ƙafa da na wutsiya, da ɗan tsoka mai laushi. Mai taliya ta miƙo sabuwar taliya, fara sol, da ɗuminta. Tana shiga gida, hular kwano na kanta, za ta jefa ƙashin a tafasasshen ruwa ya fitar da dattinsa, ta zubar, ta wanke, ta mayar cikin tukunya mai fito. A ɗaya bakin murhun gas kuma ta ɗora citta da albasa kai tsaye a kan wuta, su ƙone har bayansu ya yi baƙi, ta kankare, ta daddaka. Kirfa da ɗan yajin nan mai kama da tauraro ta ɗan gasa su har ƙamshi ya tashi. Ta rufe tukunya ta shiga wanka. Idan fito ya ishe ta, ta sauke, ta tace, sannan ta zuba ruwan kifi mai gishiri, don idan aka sa shi tun farko romo tsami yake yi. Naman ɗanye ake yanka shi, siriri kamar takarda, a shimfiɗa a kan taliya, a watsa lawashi, a kwararo romo yana tafasa. Shi ke dafa naman a cikin kwano, a gaban idonka.

Ranar farko Tsoho Khiem ya kurɓa, ya ajiye cokali.

"Wannan ba romon sa ba ne," in ji shi. "Ruwa ne da sa ya gifta ta kusa da shi."

"To miƙo kwanon, Baba, kar ya ɓata maka ciki."

"Wa ya ce miki na gama?"

Ya shanye tas, har ya ɗaga kwanon. Inna Mui ta yi ta dariya tana share ido. Daga nan fo ya zama abincin dare na ranakun tsakiyar mako a gidan, kuma kushen tsoho ya zama kamar lemon tsami da barkono, da shi ake ci.

Sai Inna Mui ta rasu, a cikin sanyin bara. Aka ɗora hotonta a kan teburin magabata, inda ake ajiye hotunan mamatan gida. Kamar yadda kowa ke yi, a kwanakin makoki duk abin da aka dafa sai a fara zuba mata kwano ɗaya, a ajiye gaban hoton, a kunna turaren tsinke, kuma ba a sauke kwanon sai turaren ya cinye. Kwanakin makoki suka wuce, tsoho bai daina ba. Wannan ba komai ba ne, babu wanda zai hana shi. Matsalar ita ce kwanon da aka sauke daga gaban hoton shi kaɗai yake ci.

Da shinkafa ce da sauƙi. Amma fo ba ya jiran kowa. Kafin dogon turaren nan ya kai ƙarshe, taliya ta shanye romo ta kumbura, kitse ya daskare a sama, nama ya koma kamar tsohon takalmi. Tsohon da ya yi suna wajen korar duk kwastoman da ya tsaya surutu ya bar fo ya huce, shi ne zai zauna gaban wannan abu, ya tsakuri loma biyu, ya ture. Ya saba tun a shago da dare ne cinsa na gaske, da rana shayi ne da ɗan abin taɓawa. Har ranakun shinkafa ma cin ya ragu, kamar cikin ya manta aikinsa. Wandonsa ya fara zamewa. Toai ya ƙara masa huda a bel, bayan ɗan lokaci ya sake ƙara wata. Kushen ma ya daina, kuma wannan ya fi komai tayar wa Ngat hankali.

Ta zubo masa wani kwanon mai zafi ta ajiye a gabansa.

"Baba, ga naka. Na Inna ka bar wa Baban Diu, shi ko dutse aka dafa zai ci ya gode."

"Gaskiya ne," in ji Toai.

Tsoho ya girgiza kai. "A shago kwano ɗaya muke ci ni da ita. Ita ta fara, ni in ƙarasa. Ba zan sake tsari ba don kawai ta koma kan tebur."

Ngat ta ɗauke kwanon mai zafi ta tura gaban Toai.

Da ta kwana tana juya maganar, sai ta ga ai laifin ba na tsoho ba ne, ba kuma na romo ba. Laifin turare ne, tsawonsa ya yi yawa. Washegari ta ɗauko almakashin yankan kaza, ta buɗe kunshin turaren, ta datse kan kowane tsinke kaɗan. Tsoho bai lura ba. Bayan kwana biyu ta ƙara datsewa. Fo ya fara sauka da ɗan ɗumi, tsoho ya ci kusan rabi. To kun san Ngat. Mai haƙuri da ya tsaya nan ya bi a hankali. Ita kuwa ta ga abu na tafiya, sai ta danna almakashi har turaren ya koma tsawon ɗan yatsa.

Ranar Laraba da yamma tana shigowa lungu, Toai ya tare ta a bakin shagonsa, da farfelar fanka a hannu.

"Maman Diu, yau an yi abin kallo."

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Baba ne ya ɗauki sanda ya tafi wurin mai sayar da turare, ya ce mata..."

"Ɓarauniya."

"Ya ce tana cutar matattu. A gaban jama'a. Ita kuma ta zaro sabon kunshi ta auna masa, ta ce ya je gida ya binciki masu almakashi."

Ngat ta kashe babur. "Kai kuma me ka ce?"

"Na ce ni fanka nake gyarawa."

"Sannu, jarumi."

Ta shiga ta ɗora tukunya kamar kullum, sai dai yau cittar ta ƙone fiye da ƙima. Da aka zauna cin abinci, tsoho ya sauko daga bene. Ya ajiye guntun turare ɗaya a tsakiyar tebur, ya ajiye sabo dogo a gefensa. Diu ta duba, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

"'Yar nan," in ji tsoho, "a cikin bas ɗinku haka kuke yi? Mutum bai kai tasharsa ba ku sauke shi?"

"Ni ce na yanke, Baba. Gobe zan je in ba matar haƙuri."

"Uwarki kike kora daga kan abinci."

"Ni na isa? Baba, tsakaninmu, ka taɓa ganin Inna ta zauna cin fo?"

Ngat ta ci gaba.

"A tsaye take ci, ludayi a hannu ɗaya. Kafin kwastoma ya gama goge cokalinsa ta ci rabonta ta turo maka kwano. Ni da ake ce wa mai gaggawa, ban taɓa riga ta ba. Ran bikinmu ma ta gama, ta wanke hannu, ta yi faɗa da masu kiɗa, ni ko rabi ban kai ba."

"Faɗa biyu ta yi," in ji Toai. "Har da mai hoto."

"Ka ji. To matar nan za ka ajiye wa kwano har turare mai tsawon kamu ya cinye? Ai ta gama tun tuni. Tana nan zaune tana kallon ka kana cin kumburarriyar taliya, kuma ka san abin da take cewa."

Bakin tsoho ya ɗan motsa. "Cewa take, tsohon banza, ka ɓata abinci."

"Ni dai ban faɗa ba."

Ya ɗauki dogon turaren ya jujjuya shi a hannu. "Amma ba a barin turare yana ci gaban tebur babu komai. Wannan rashin kunya ne."

Ngat ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da ɗan butar shayi da ƙaramin kofi.

"Abu ɗaya na san Inna tana ja wa rai," in ji ta. "Koren shayin nan mai ɗaci. Kofi ɗaya sai ya kai ta har a rufe shago. Fo nata ne da farko, sauran turaren na shayi ne."

Tsoho ya dube ta, ya dubi butar. Ya ce, "Zubo."

Ta tsoma taliya a ruwan zafi ta tsame, ta shimfiɗa nama, ta kwararo romo yana tafasa. Ya karɓa da hannu biyu ya kai gaban hoton, ya kunna dogon turaren, cikakkensa, ya haɗa tafukansa ya rusuna. Tururi ya tashi ya lulluɓe gilashin hoton. Tsoho ya ɗan tsaya, kamar tsawon tsayuwar bas a tashar da babu fasinja da yawa, sannan ya leƙa kwanon.

"Tsohuwa, kin gama? To ga shayinki. Kar ki ce na hanzarta ki, surukarki ce."

Ya ajiye kofin, ya sauko da kwanon yana hura yatsu. Diu ta yi maza ta ce, "Kaka, a ci abinci. Baba, Mama, a ci abinci," kamar yadda ƙarami ke yi kafin ya taɓa nasa. Tsoho ya matsa lemon tsami, ya jefa yankan barkono biyu, ya kurɓi romo. Ya kama taliya da 'yan sandunan cin abinci ya zuƙa, da ƙara, irin zuƙar da ake ji daga bakin lungu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Babu wanda ya dube shi, kowa ya dukufa a kan kwanonsa kamar an ba shi aiki, amma Ngat tana lissafe da kowace zuƙa ta gefen ido.

Da ya kai ƙasan kwano ya ajiye sanduna, ya goge baki.

"Wa ya ƙona cittar nan?"

"Ni ce, Baba."

"Ƙonawa aka ce, ba a ce ki mayar da ita gawayi ba. Gobe ki bar min ita, in kin shigo ki tarar na gasa." Ya tura kwanon gabanta. "Akwai saura a tukunyar fiton nan taki?"