Zaren Likkafanin Inna

A shekarun yaƙin Turawa, da yadi ya yi wuya a kasuwar Kontagora, aka kawo mana keken kaɗi. Katako ne mai matakin ƙafa, kina takawa yana murza zare da kansa. Malamin gona ya raba wa mata shida a unguwarmu, har da ni. Na ɗauko nawa a ka ina taƙama kamar an ba ni sarauta.

Inna, mahaifiyata, ko tambayar kamanninsa ba ta yi ba. Idonta ya riga ya tafi, amma kullum tana bakin ɗaki da mazarinta, tana dangwalar alli da yatsa tana murzawa. Zaren likkafaninta take kaɗawa, da audugar da ƙanenta ke aiko mata daga Beri. Ta rantse ba za a naɗe ta a yadin kanti ba. Masaƙinmu, wani Banufe, ya ce saura dunƙule huɗu.

Na ga jikinta yana ƙarewa, na tsorata. Na kaɗa dunƙule biyu a keke, na cusa cikin kwandon zarenta. Tana shafawa ta zaro su ta jefo mini.

"Ke, ni za ki yi wa wayo? Wannan zaren bai sha yatsa ba. Ba zan kwanta a cikinsa ba."

Kunya ta rufe ni. Daga baya, da hannunta ya gaza, sai na karɓi mazarin na zauna a wurinta. Keke ya koma bayan rumbu, kaza ta mai da shi wurin hutawa.

Rannan sai ga malamin gona a zaure.

"Jibi matar Di'o, Baturen mulki, za ta zo duba aiki. Ina zarenki?"

Na ɗaga masa mazarin. "Malam, ga aikina."

"To za a karɓe keken, a ba wata."

"Yana bayan rumbu. A kori kazar a ɗauka."

Aka ɗauka, mata suka yi ta yi mini dariya. Ko a jikina.

Dunƙulen ƙarshe Inna ta daɗe tana shafa shi. Ta ce, "Kaɗinki da kaushi, amma hannu ne."

Kwana tara bayan masaƙi ya kawo farin likkafanin, ta rasu. Da muke naɗe ta na gane nawa: layi biyu na gefe, masu kaushi. Su na ja na rufe mata fuska.