Gurnanin Kwamfutar Nu'uman

Nu'uman mutumin Dutsi ne, amma a Daura ya yi gemu. Da tela ne, har ciwon baya ya raba shi da keken ɗinki, ya sayar ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya kafa teburi a shagon da ke jikin gidansa. Katin biki yake bugawa, yana kuma tura wa 'yan acaɓa karatu da waƙoƙi a waya. Surutu kuwa ba a magana. In ka shiga buga kati, sai ka ji tarihin kakan amarya kafin ka fita.

Sai Allah ya ba mai surutun nan 'ya kurma. Firdausi tana ƙarama sanƙarau ya tafi da jinta. Uwarta Shatu ta ƙware wajen yi mata magana da hannu, shi kuwa hannunsa ya ƙi. In ya gwada, yarinyar bin sa kawai take da ido. Abin yana cinsa ƙwarai, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Kwamfutar ce ta haɗa su. Faifan ajiyar da ke cikinta, wanda masu gyara ke cewa had-dis, ya tsufa tukuf. In ya fara juyawa sai akwatin kwamfutar ya ɗauki gurnani, teburi na rawa, har kofin shayi ya riƙa tafiya da kansa. Masu zuwa shagon suna tsokanarsa wai injin niƙa ya ajiye. Firdausi kuwa da ta dawo makaranta sai ta zauna a tabarma ta manna kuncinta a jikin akwatin. Nu'uman ya lura in yana kwafar babban abu faifan yakan yi ƙar-ƙar-ƙar, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Daga nan ya riƙa kwafar wani bidiyon biki daga nan zuwa can ba gaira ba dalili. In ta ja ƙafar wandonsa, a ƙara take nufi. Hirarsu ke nan, kuma ba abin da yake jira a yini kamarta.

Da damina faifan ya fara wani ƙas-ƙas. Sha'aban mai gyara ya kasa kunne ya ce, "Yaya, wannan mutuwa zai yi da aikin mutane a ciki. Akwai sabon samfuri, babu abin da ke juyawa a cikinsa, ko tari ba ya yi."

Aka canza. Nu'uman ya yini yana yabon saurin abin.

Firdausi ta dawo, ta manna kunci. Shiru. Ta shafa akwatin ta ko'ina, ta ɗago ta dube shi, ta kwantar da tafin hannunta a ƙasa kamar yadda ta yi ranar da akuyarsu ta mutu. Wannan alamar kam ya gane ta. Ta shige gida, kuma ta daina zuwa shagon. Ya riƙa duban tabarmar, ko labarin kakan amarya ya daina bayarwa.

Shatu ce ta ce, "Baban Firdausi, kai ka samu sauri, ita fa muryarka ka ɗauke mata."

Bai gama cin tuwonsa ba ya hau babur. A kwandon tarkacen shagon Sha'aban ya tarar da tsohon faifan.

Sha'aban ya ce, "Me za ka yi da shi, Yaya? Gobe ma zai iya tsayawa."

"Aikin mutane ya zauna a sabon. Wannan ka mayar mini da shi cikin akwatin kusa da sabon, bidiyon nan kawai ka sa a ciki. In ya tsaya ka nemo mini wani tsohon, wanda ya fi kowanne ƙara."

Aka mayar da faifan. Da la'asar ya shiga gida ya kamo hannun Firdausi, tana tirjewa, ya ɗora tafinta a kan akwatin ya kunna. Teburi ya ɗauki rawa. Ta tsaya cak, sannan a hankali ta zauna ta manna kunci. Wani mutumin Mashi yana ƙofa yana jiran katinsa, Nu'uman bai ko gan shi ba. Ya ji an ja ƙafar wandonsa. Ya goge ido da hannun riga, ya sake kwafa.