Dattijon da Ke Amsawa a Layin Baya

A taron masu rubuta manhaja da ake yi a Kura, Zuliha na tsaye gaban jama'a, muryarta na rawa. Da Turanci take bayanin manhajarta ta raba wa manoman rani ruwa, amma kowa ya duƙufa kan kwamfutarsa, babu mai ɗago kai.

Sai ta ji daga layin baya an ce, "Na'am."

Wani dattijo ne da ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Taɓon gonar shinkafa ya bushe a ƙaurinsa, hularsa duk ta koɗe. Wataƙila ɗansa ya rako, wataƙila jin an ambaci ruwa ne ya shigo da shi. Duk inda ta numfasa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne. Madalla." Da shi take magana yanzu, muryar kuwa ta daidaita har ta kai aya.

Da aka tashi, ta same shi yana saka takalmi, ta durƙusa.

"Baba, na gode. Ashe kuna jin Turanci?"

"Ko kalma ɗaya, 'yata. Amma a garinmu ba a barin mai magana shi kaɗai."