Kaset ɗin da ya maƙale a motar oga

Aikin direban gida a Abuja wahala ce, ba ta da wani suna. Lokacin da farar hula suka karɓi mulki kowa yana cewa kuɗi sun shigo gari. Sun shigo ɗin kuwa, na gan su da idona suna wuce ni a cikin sababbin motoci. Ni abin da ya shigo mini ciwon baya ne. Ina kwana a ɗaki ɗaya a Mararaba, ogana kuma yana cikin gari, babba ne a wata ma'aikata. Tsohuwar motarsa ce a hannuna, ta kai yara makaranta da zuwa kasuwa, kuma da yake ba wurin ajiye ta a gidansa, da ita nake tafiya gida in dawo da sassafe. Wanda bai taɓa zama cikin cunkoson hanyar Mararaba ba, kada ya ce mini ya san haƙuri.

Ranar Asabar da la'asar oga yakan je wani lambu cin gasasshen kifi da abokansa. Ni ina waje wurin motoci. A nan na fara jin wata jita daga cikin lambun. Ban ga mai kaɗawa ba, amma na san hannun. Ina saurayi, ina kwandasta a tashar Jos, akwai wata ƙungiyar masu kiɗan rok, samarin Filato ne da manyan sumar kai da wando mai faɗin ƙafa. Faifansu na farko ba motar da ba a sa shi. Na leƙa ta shinge, sai ga dattijo siriri, kai duk furfura, yana kaɗa waƙar nan tasu da kowa ya sani, manya suna taunar kifi ba mai kallonsa. Ya gama, suka ce ya sake. Ya sake.

A Karu yake zaune, kan hanyata ne, sai na fara rage masa hanya in oga ya sallame ni. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Direba, bai taɓa tambayar sunana ba. Wata rana muna tsaye a cunkoso na ce masa, "Baba, ni fa ba na ɓoye magana. Kaset ɗinku na ƙarshe bai yi ba."

Ya ce, "Ka saya?"

"Na saya."

"Yana ina?"

Na ce masa na toshe ramukan da takarda na ɗora wa'azi a kai. Haka kowa ya yi a lokacin. Zaren kaset ɗin mai kyau ne, ya fi wanda ake sayarwa babu komai a ciki, sai mutum ya ji waƙa biyu ya ga ba ta rawa ba ce, ya cusa takarda a ramukan nan na sama ya naɗi abin da yake so. Wasu wa'azi, wasu waƙar Indiya, wasu kukan jaririnsu.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To ka juya shi kafin ka ɗora wa'azin?"

Na ce ban juya ba.

"Ba wanda ya juya," in ji shi. "Gaban na mai kamfani ne. Shi ya ce mu yi irin na da, mu kuma mun tsufa da irin na da. Bayan ne namu."

Asabar ta gaba ya zo da kaset ɗin a naɗe cikin hankici, cikin leda. Ya ce wannan guda ɗayan ne kaɗai ya rage a duniya, kamfanin da ya buga shi ma ya zama shagon siminti. Da hannunsa ya tura shi cikin rediyon motar, ta gefen baya. Na ji. Gaskiya ban ji komai ba. Kiɗa a hankali kamar mai jan ƙafa, murya a dushe. Na ce masa da kyau, don dattijo ne. Da muka isa Karu na danna abin da ke tofo kaset, ya ƙi. Na sake dannawa, ya yi ƙara ya ƙi.

"Kada ka yi masa ƙarfi," in ji Baba. "Bar shi ya kwana. Ka kawo mini ran Asabar."

Na kai wa mai gyaran wutar mota, wanda muke ce wa rewaya. Ya haska da tocila, ya zura waya, ya girgiza kai. Ya ce ƙarfen da ke ɗago kaset ya karye, kuma zafi ya lanƙwasa gidan kaset ɗin ya cije. Sai dai a fasa rediyon. "Kuma zaren nan ya girme ni," in ji shi. "In ya tsinke ko ya cukurkuɗe, ba ruwana. Ka tambayi ogan ka tukuna."

Na tambayi oga. Ya ce kada in kuskura in taɓa masa rediyo, da shi motar ta zo daga waje.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Yana juyawa dai?" Na ce yana yi, yana kuma komawa baya in na danna. Ya ce to ai yana da rai, a bar shi.

Irin rediyon nan, in kaset yana ciki ba ya kama tasha. Ko ka ji kaset, ko ka ji shiru. Ni kuma shiru a cunkoso yana sa ni tunanin abubuwan da ba na so. Haka na wuni da shi na kwana da shi duk daminar nan. Ya ƙare in mayar da shi baya. Uwargidan oga ta ce in kashe mata wannan kiɗan makoki, sai in kashe in tana ciki.

Ban san ranar da kiɗan ya kama ni ba. Ni ba makaranta na yi ba, ban san sunayen abubuwan kiɗa ba, abin da kunnena ya ji zan faɗa. Waƙar farko ta mutum ce da yake zaune a mota a tasha yana jira ta cika, ba ta cika ba. Shi ke nan labarin. Da Hausa suka yi ta, ba Turancin da suka saba ba, Hausar Filato wadda ake ce wa mace shi. Baba ne da kansa ya rera, don mawaƙinsu mai zaƙin murya ya bar su ya koma coci. Muryar Baba ba ta da daɗi, tana karyewa in ta hau sama, kuma bai ɓoye karyewar ba. Da ina saurayi da na ce bai iya ba. Amma ina zaune, ƙafa a kan birki, mai talla yana buga mini gilashi, ruwan sama yana zuba, gaba ba motsi baya ba motsi, sai na ji ashe da ni yake.

Akwai wata a tsakiya, kan ramukan kuza da aka haƙa aka bari ruwa ya cika su. Wannan ban cika sonta ba har yau, ta yi tsawo. Ta ƙarshe kuwa ba magana a cikinta sam. Jita ce kawai take tafiya ita kaɗai, tana maimaita abu ɗaya, har ka fara jin haushi, ka ce mutumin nan ya manta hanya. Sai can ganga ta shigo a hankali ta bayanta, kamar wanda ya iske ka a hanya bai yi sallama ba ya jera da kai. Duk lokacin da wurin nan ya zo sai in ga na saki sitiyari na zauna daidai. Faifansu na farko na masu ƙafar rawa ne. Wannan na wanda ya gaji ne, mu kuma lokacin da ya fito ba mu gaji ba tukuna.

Na so in gaya wa Baba haka, sai Asabar ta zo ba shi a lambu. Ta gaba ma babu. Wani ne da fiyano yake kaɗa musu waƙar tasa, ba wanda ya lura. Na bi sawu har gidansa a Karu. 'Yarsa ce ta fito, mai sayar da kayan miya, ta ce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, sun dawo daga asibiti, magana ba ta fita.

Yana kwance a kan katifa. Da ya gan ni ya ɗaga hannun dama, ya miƙe yatsa yana juya shi a iska.

"Kawu, tun da ya dawo haka yake yi," in ji ta. "Mun kai shi wurin fasto, mun ɗauka kansa ne."

Na ce ba kansa ba ne. Haka ake naɗe kaset da biro. Kayansa yake tambaya.

A satin nan ne sabuwar motar oga ta iso, mai faifan sidi da sanyi kamar firji. Ya kira ni ya ce tsohuwar ya ba ƙanen mahaifinsa a ƙauye, ran Litinin da safe za a zo a tafi da ita can arewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kaset ɗin dattijon nan yana ciki. A bar ni in fasa rediyon, ni zan sa wani."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai, duk wannan a kan kaset? In ba wa Baffa mota da rami a gaba? Je ka kasuwa ka samo masa sidi ɗinsa mana, ni zan biya."

Oga ba mugu ba ne. Shi a duniyarsa duk abin da ya ɓace akwai wani a kasuwa. Na je ɗin kuwa. Na bi rumfunan masu faifai, kowa sai ya miƙo mini waƙar nan ɗaya ta lambu, a haɗe da na wasu. In na ce na ƙarshen nake nema, sai su ce ai ba su yi wani ba.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci na ari rikoda wurin maƙwabcina, na sayi kaset wanda ba komai a ciki, na sa sukuddireba a aljihu, na tafi Karu. Ruwa ya cinye layinsu, mota ba ta shiga. A kujerar roba muka ɗauko Baba, ni da 'yarsa da wani mai shago, muka sa shi a kujerar gaba ta motar. Batirin motar ya yi sanyi, in na kashe inji rediyon sai ya riƙa jan murya, dole na bar shi yana aiki. Na kara rikodar a jikin sifika na danna.

Baba ya rufe ido. Hannun hagu, wanda yake danne wayoyin jita da shi, yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Na dama ne yake motsi kaɗan kaɗan. 'Yar tana tsaye a bakin taga, ta ce, "Wannan muryar Baba ne? Ban taɓa ji ba." An haife ta bayan an gama da kaset ɗin.

Da aka zo waƙar ƙarshe, daidai inda ganga take shigowa, ya bugi gaban motar da hannu. Na ɗauka wani abu ke masa ciwo. Ya juya yatsa. Na mayar baya. Ganga ta sake shigowa, ya sake bugawa. 'Yar ta ce mai gangar amininsa ne, tare suka taso, ya rasu tun tana goye. Na yi ta mayarwa har ban san iyaka ba. Ina sane naɗin yana lalacewa, amma wa zai ce masa a'a?

Da muka gama na kunna abin da na naɗa. Injin mota ne a gaba, sai janaretan mai shago, sai hon ɗin 'yan acaɓa, da wata akuya. Kiɗan yana can ƙasa, kamar daga gidan maƙwabta ana ruwa. Gangar ma ba a jinta.

Na ciro sukuddireba na nuna masa. Na ce, "Baba, in fasa? In oga ya kore ni ya kore ni. Amma rewaya ya ce zai iya tsinkewa."

Ya daɗe yana kallon rediyon. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a bakin inda kaset yake shiga, ya rufe shi. Ya yi wata magana, ba ta fita ba. Na dubi 'yar, ta ce ita ma ba ta gane ba. Ko cewa yake kada in fasa, ko cewa yake kada in tafi da shi, har yau ban sani ba. Hadari ya taso, muka cire hannun a hankali muka mayar da shi ɗaki. Na bar mata kaset ɗin da na naɗa, ta karɓa ta yi godiya, don tana da tarbiyya.

Washegari da safe na wanke motar ciki da waje, na duba mai da ruwa, na mayar da kaset ɗin farkonsa. Direban da aka aiko ya iso, wani mai gemu da carbi a wuya. Na ce masa akwai kaset a ciki ba ya fita, kada ya sa masa wuƙa, kada ya bar motar a rana, in ya ƙare ga abin da ake dannawa ya koma baya. Ya ce shi wa'azi yake ji. Na ce to in ya gaji da shiru a hanya ya bari ya kai ƙarshe, ko sau ɗaya. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai taɓin hankali. Na ba shi makulli, na buɗe masa ƙofar gida ya fita, na ɗauki bokiti na koma wanke sabuwar.