Jar Kanwa a Maganin Ba'indiye

Ni na saka kanwar. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗora wa bawan Allah Ba'indiyen nan laifin da ba nasa ba.

Maigidana, Malam, direba ne a Riyad, a wani gida cikin Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Mu kuma muna zaune a unguwar Nasim, ɗaki biyu da kicin ɗin da in ka juya sai ka bugi tukunya. Da kumburin ƙafa ciwon ya soma masa. In ya dawo aiki ya cire takalmi, sai ka ga shatin safa ya nutse a fatarsa, har a ci abinci a gama bai cike ba. Na ce zaman mota ne. Da aka auna jininsa a asibiti, likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma abin da ya mutu a cikinsu ba ya dawowa. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya bar gishiri, ya rage ruwa, a lallaɓa ragowar. Ranar da ta ƙare, sai wankin ƙoda, sau uku a mako.

Wankin nan shi ne abin tsoronmu. Direban da zai kwanta jikin inji kwana uku a mako, wane kafili ne, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, zai riƙe shi? Iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannun kafili take, tawa kuma a jikin tasa take rataye. Da zarar an ce ba ya iya tuƙi, sai huruj, a buga mana takardar fita ba dawowa. Garinmu kuwa, kafin ka kai inda injin wanki yake sai ka yini a mota. Don haka Malam ya ja bakinsa ya yi shiru a wurin aiki.

Kukun gidan ne ya gano shi, wani dattijo mutumin Indiya. Ya lura Malam ya daina ɗaure igiyar takalmi. Bai faɗa wa kowa ba, sai ya sa aka aiko masa da maganin gargajiyarsu, wanda suke ce wa Ayurbeda. Malam ya shigo min da ƙulli biyu da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, ko kofin gahawa ya fi shi girma.

"Hajiya, ga yadda ya ce a yi," in ji Malam. "Rabin cokali, a tafasa shi da ruwa kofi ɗaya har ya ƙone ya koma cikin ƙoƙon nan. Safe da yamma. Ban da gishiri, kuma kada in bar ƙwayoyin asibiti. Sai nanata min yake, shuwayya-shuwayya, wai kaɗan-kaɗan."

Na kwance ƙulli na farko, gari ne mai warin ƙasa. Na kwance na biyu, sai wani abu ya soke ni a yatsa. Na duba da kyau, na fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, tsidau ne! Wallahi tsidau ne, wanda ke huda mana ƙafa a hanyar rafi. Shi aka ɗauko a jirgi tun daga Indiya?"

Shi ma ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa an daɗe. Dariyar nan ce ta cuce mu. Da ban gane ƙayar ba, da na ji tsoron maganin, na bi shi yadda aka ce. Amma tunda na gane shi, sai na ga ai ɗan gida ne, na fi Ba'indiye sanin halinsa.

Mako biyu ina tafasawa ina aunawa da ƙoƙon, ƙafa tana nan yadda take. Raina ya ɓaci. Haba, wannan magani ne ko ɗanɗano? A gidanmu jiƙo ake yi a kwano, mai ciwo ya yini yana kurɓa har ciwon ya fita a fitsari. Kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin uwata ta jiƙa saiwa ba ta jefa jar kanwa a ciki ba, ita ce ke buɗe magani. Ina da ita a ƙulle, 'yan Umara suka kawo min tsaraba. Gishiri aka hana, ni kuwa ko da wasa ban taɓa sa kanwa a sahun gishiri ba.

Na ajiye ƙoƙon a bayan tukwane. Na zuba magani da hannu, na jefa kanwa, na cika babban fulas.

"Hajiya, likita fa ya ce a rage ruwa."

"Ruwa ya ce, Malam. Wannan magani ne. Sha, don Allah, kada ka ɓata min rai."

Ya sha. Mutum ne da bai taɓa mayar da abin da na miƙa masa ba. Kullum ya tafi da fulas ɗin a mota, in ya dawo in jijjiga, in na ji saura in hau faɗa, in tsaya a kansa sai ya shanye. Yana yamutsa fuska, ni ina cewa Alhamdulillahi.

Kafin wata ya cika, kumburin ya hau fuska. Numfashi ya soma yi masa wuya, ya koma barci a zaune. Wata Juma'a da hantsi yana walaha ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti.

Likita ya ce a kawo duk abin da yake sha. Na zube masa ƙwayoyi, da ƙullin Indiya, da guntun kanwa, har ina jin kaina mai ƙoƙari. Ya ɗauki kanwar ya juya ta, ya tambaya, na yi masa bayani da guntun Larabcina. Ya ajiye ta a hankali. Ya ce wannan ai gishiri ce, ta ma fi na miya nauyi ga ƙoda, ga kuma ruwan da aka yi ta ɗura wa jikin da ba ya iya fitarwa. Ya ce ƙodar dama tafiya take, babu ganyen da zai dawo da ita, na Indiya ne ko na ko'ina. Amma da an lallaɓa, da ta ƙara jan lokaci. Sannan ya ce, "Wa yake haɗa masa?"

Na buɗe baki. Malam ya janye robar numfashi daga fuskarsa ya ce, "Ni nake haɗawa da kaina."

A ranar aka sa shi a inji.

Kukun ya zo dubiya kwana uku bayan nan. Ya tsaya a bakin gado yana share hawaye da bayan hannu, yana neman gafara, shi a zatonsa maganinsa ne. Ina tsaye a gefe ina jinsa. Na bar dattijon nan ya tafi da laifina a kansa, har yau ban gyara ba.

Kafili bai yi mana wulaƙanci ba. Ya ɗauki wani direban, ya ce mu zauna har iƙamar ta ƙare, daga nan sai haƙuri. Saura kaɗan ta ƙare. Na soma ɗaure kaya, ban san inda za a yi masa wankin ƙoda a mako na farko in mun sauka gida ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce Allah ya kawo sauƙi.

Yanzu ruwan da aka yarje masa a yini bai cika kofi biyu ba, ga zafin Riyad. Na lalubo ɗan ƙoƙon nan daga bayan tukwane, da shi nake auna masa. Jiya da la'asar ya shanye rabonsa, ya riƙe ƙoƙon yana kallon cikinsa, leɓɓansa duk sun tsage.

"Hajiya, ƙara min ko rabi ne."

Na karɓi ƙoƙon daga hannunsa na ce, "A'a, Malam."