Rediyon Inna a motar Maradun

Mun baro Talata Mafara za mu Maradun, rediyon motar sai shiii yake yi. Haushi ya kama ni, na miƙa wa direba wayata: "Malam, haɗa wannan mu ji wa'azi, mu huta da ƙara."

Ko kallonta bai yi ba. "Yi haƙuri ɗan'uwa, yau Talata. Rediyon na Inna ne."

Inna wata tsohuwa ce a kujerar baya. Ashe tun da suka gudo daga Gidan Goga ba ta da rediyo, ƙauyen da take kuma ba sabis. Ɗanta mahauci ne a Legas, duk Talata yakan aiko mata gaisuwa ta rediyo. Shi ya sa take shiga motar nan don ta ji.

Da tashar ta fara ɓacewa, direba ya tsaya inda take kamawa. Hanyar nan ba a son tsayawa saboda 'yan bindiga, amma ba wanda ya tanka.

Can muka ji: "Sani daga Legas yana gaida mahaifiyarsa."

Inna ta leƙo gaba. "Lahiya lau, ɗana. Kana dai cin abinci?"

Na mayar da wayata aljihu. Ku fa, muryar wa kuka taɓa tsayawa jira a hanya?