Ƙabar Baba da Bayan Taga

Ni ce 'yar farin Baba, saboda haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. In zai aike ni sai ya kalli katanga ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa," alhali ina tsaye a gabansa. Haka mutanen garinmu Sara suke da ɗan fari, kuma abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da motoci suka koma hannun dama.

A daminar nan ƙaba ta tashi masa yana noman gero. Aka ɗauko shi a bayan akori-kura zuwa asibiti a Birnin Kudu, inda nake aure, aka yi masa tiyata a ranar. Inna ta daɗe da rasuwa, ƙannena ƙanana ne, don haka jinya ta faɗo a kaina ni da mijina. Ka ji haɗi: 'yar fari da suruki, mutum biyun da Baba ba zai ko ci tuwo a gabansu ba.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani direba Bakano da aka yi wa aiki iri ɗaya. Wannan bawan Allah ba ya ɓoye komai. Da ciwo ya motsa sai ya kurma ihu, ya kira uwarsa, ya zagi motarsa. Malamin asibiti ya zo ya yi masa allura, ya yi barci har da minshari. Kafin mako ya zagayo yana takawa bakin ƙofa sayen rake. Baba kuwa ya kalle shi ya juyar da kai, wai namiji da gemunsa.

Shi Baba in likita ya zo zagaye ya tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi. Zufa na keto masa, ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa sun fito, amma da sauƙi. Na bi malamin asibitin har baranda na ce masa, "Malam, don girman Allah ka dubi fuskarsa."

Ya ce, "Na gani, 'yar'uwa. Amma allurar nan mai ƙarfi ce, likita ba ya rubuta ta sai ga wanda ya ce yana jin ciwo. Ya buɗe baki ya faɗa, shi ke nan."

Ciwon ya hana shi tari. In tari ya taso sai ya haɗiye, don kada ɗinkin ya motsa ya yi nishi a gabanmu. An ce ya tashi ya taka, ya kasa. Majina ta taru masa a ƙirji, zazzaɓi ya shiga, numfashinsa ya koma kamar ana jan zuga-zugi. Na kori mijina, na ce ya koma kan keken ɗinkinsa. Na kori 'yan dubiya. Na durƙusa a gefen gadon ina kuka na ce, "Baba, ka faɗa musu. Wallahi ba wanda zai ji." Ya kalli bango ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta tashi, mutane na kallo." Ranar na ji haushinsa kamar in shaƙe shi, na kuma ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Washegari da sassafe na hau motar Gwaram. A can taubashiyarsa take, 'yar ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da muke kira Gwaggo. Ita kaɗai ce a duniya take tsokanarsa ya rama. Na same ta tana tsinkar zogale, na faɗa mata. Ba ta ko wanke hannu ba ta yafa mayafi.

A ƙofar ɗakin marasa lafiya ta tare ni da hannu. Ta ce, "Ke tsaya nan. Muddin yana ganinki ba zai yi ba."

Na zagaya bayan tagar da ke saitin gadonsa na tsuguna. Ina jin ta tana cewa, "Kai rago, ashe nan ka zo ka kwanta ka bar gero ga tsuntsaye?" Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta tafi?"

"Ta tafi gida."

Sai Baba ya fashe da kuka. Ya ce wayyo cikinsa, wayyo Allah, a taimake shi. Gwaggo ta ƙwala wa malamin asibiti kira, aka yi masa allurar, ya yi tari, ya samu barci. Amma ƙirjin ya riga ya ci shi.

Kwanakin da suka rage masa ban sake shiga ɗakin ba, don in na shiga zai koma cewa da sauƙi. Kullum nakan kawo kunu in miƙa wa Gwaggo, in koma bayan tagar in zauna ina jin nishinsa. A nan nake zaune da hantsi ranar da nishin ya tsaya, yana zaton ina gida.